Catastrophe: yadda ake furta ta, da wurin da ya kamata a ajiye ta

Gaɓa huɗu ke ga kalmar catastrophe, ba uku ba, kuma nan ne mafi yawanmu ke fara zamewa tun ba a kai ga maganar ma'ana ba. Ka-TAS-tro-fi. Wancan e ɗin na ƙarshe ba ado ba ne, furta shi ake yi, kuma sautin i yake bayarwa, irin wanda ke ƙarshen rafi ko kifi. Amma ka saurari ɗalibai wajen muhawara, ko mai karanta labaran Turanci a rediyo, kai har da wasu masu digiri biyu, abin da za ka ji shi ne katastrof, an guntule mata wutsiya an wuce.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Tun firamare anka koya mana cewa e in ya zo ƙarshen kalmar Turanci shiru yake yi, make, time, hope, phone, telescope duk haka suke, to yaro ya riƙe wagga doka hannu bibbiyu, ranar da ya ci karo da catastrophe sai ya yanke mata hukuncin telescope. Ita kuwa ba 'yar gida ba ce a Turanci, daga Girkanci ta fito, kuma can harafin ƙarshen nata dogon wasali ne da ake furtawa, haka Turawa sunka aro ta da abinta. Tana da 'yan uwa masu irin halinta. Apostrophe, ɗan waƙafin nan na sama da ake sawa a don't, a-POS-tro-fi ne, kuma in ka iya faɗinsa to ka iya catastrophe don kiɗansu ɗaya. Epitome i-PI-to-mi ne ba epitom ba. Hyperbole da 'yan Literature ke fama da ita hai-PA-bo-li ce. Recipe da simile daga Latin suke, amma su ma e ɗinsu na magana, RE-si-pi, SI-mi-li.

Mu nan Sakkwato akwai wata ƙofa ta biyu da katastrof ke shigo mana, ta Illela. A Faransanci rubutun kalmar iri ɗaya ne sak da na Turanci, amma su katastrof suke cewa, gaɓa uku, kuma daidai ne a harshensu. Saboda haka in ka ji mutumin Birnin Konni ko Tawa da ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, ya faɗe ta haka kar ka yi saurin gyara mashi, nashi karatun yake yi. Kai da za ka zauna WAEC ne ba ka da wanga uzuri.

Sai maganar inda ake danna murya, abin da malaman Ingilishi ke kira stress. Hausa da karin sauti take aiki, hawa da sauka, kuma kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta, wasalinta ya fito cikakke. Turanci ba haka yake ba, gaɓa ɗaya ake zaɓa a ɗora mata nauyi, sauran su rame. A catastrophe gaɓa ta biyu ce ke ɗaukar nauyin, TAS. A ɗin farko gajere ne ƙwarai, rabinsa a haɗiye, o ɗin tro shi ma ba cikakken o ba ne, wani ɗan sauti ne tsakanin a da o da ake wucewa a guje. Wanda ya ce KA-tas-tro-fi ya danna ta farko, ko ka-tas-TRO-fi ya danna ta uku, za a gane abin da yake nufi amma a takardar Test of Orals ya faɗi, don can ana rubuto kalma sau huɗu ne, kowanne da gaɓar da anka rubuta da manyan baƙaƙe, a ce zaɓi daidai. JAMB ma na kawo irinta.

Inda jarrabawa ta fi kama mutane shi ne sifar kalmar, catastrophic. Nauyin ba ya zama inda yake, ƙaura yake yi zuwa gaɓa ta uku, ka-ta-STRO-fik, kuma yanzu o ɗin ya cika. Dokar mai sauƙi ce kuma ta fi kalmar kanta amfani: kalmar da ta ƙare da ic, kusan kullum gaɓar da ke kafin ic ɗin ake dannawa. Eco-NO-mic, demo-CRA-tic, scien-TI-fic, photo-GRA-phic. Akwai 'yan tsirarun da sunka ƙi bin layi, kuma abin dariya ɗaya daga cikinsu ita ce wadda munka fi kowa faɗi a garin nan, Arabic. A-ra-bik ce, nauyi a farko, mu kuwa har malaman da ke koyar da ita a-RA-bik suke cewa. Catholic da politics su ma farko ake danna su.

Yanzu bakinmu na Sakkwatawa. Ph ɗin da ke cikin kalmar f ne zalla, kamar na phone da physics. To f ɗin Hausa dama ba f ɗin Bature ba ne, mu da leɓɓa biyu muke yinsa, shi kuma haƙoran sama yake ɗorawa kan leɓen ƙasa ya hura iska. Mu nan ma abin ya wuce haka, mu da ke cewa tahi da hita da kihi da hwari, in ba a kula ba katastrohi za ta fito. Wani kuma don gudun kar a ce ya yi Sakkwatanci sai ya matse leɓɓa ya ce katastropi, ga p yana kallo a rubuce yana ƙara zuga shi. Maganinsa ka tsaya gaban madubi, in ba ka ga haƙoranka na sama sun taɓa leɓen ƙasa ba to ba ka yi f ɗin ba tukuna. Sai cunkoson baƙaƙen nan str. Harshenmu bai son baƙaƙe su cunkushe a jere a farkon gaɓa, shi ya sa munka samu sitiyari da burodi da sukurudireba, to haka wasu ke mayar da ita katasitirofi, gaɓa shida. Raba ta za ka yi. Tas dai muna da ita, an wanke kwano tas, ka faɗe ta haka ka ɗan tsaya, sannan ka kawo tro, da sannu za su haɗe da kansu.

To mi take nufi? A Girkanci kata na nufin ƙasa, strephein kuma juyawa, in an haɗa ya zama juyar da abu ƙasa, kifarwa kenan. Da farko ma kalmar 'yan wasan kwaikwayo ce. Sashen ƙarshe na wasa, inda al'amura ke juyewa jarumin ya faɗi ko ya mutu, shi ake kira catastrophe, kuma da wagga ma'ana ta shigo Turanci a ƙarni na 16. Sai wajen ƙarni na 18 ta bazu ta zama sunan duk wani babban bala'i da ya afko. Masu karanta Literature har yau za su gamu da tsohuwar ma'anar in ana nazarin tragedy, kar su ruɗe su ɗauka girgizar ƙasa ake nufi.

Wancan asali na kifewa shi ne mabuɗin kalmar har gobe. Ƙwaryar nono in ta tangaɗa rabi ya zube an yi ɓarna, amma akwai na kaiwa kasuwa, in ta kife kuwa zance ya ƙare. Ta farko disaster ce, ta biyu catastrophe. Abin da ake kira catastrophe babba ne, galibi yana zuwa ba shiri, kuma bayansa al'amura ba su komawa yadda suke da, ko su ɗauki shekaru kafin su koma.

Disaster ita ce kalmar aiki ta yau da kullum. Furucinta di-ZAS-ta, da z ba s ba, 'yan Ingila na jan a ɗin tsakiya, Amurkawa na taƙaita shi su fito da r na ƙarshe. Asalinta daga Italiyanci ne ta biyo ta Faransanci, dis da astro, wato mugun tauraro, daga zamanin da suke ɗora wa taurari alhakin abin da ya same su, Baturen yau da ke faɗinta ko tuna tauraro bai yi. Ita ce za ka gani a takardun gwamnati da na NEMA da SEMA, hukumomin agajin gaggawa na ƙasa da na jiha, natural disaster, disaster management, disaster relief. Ma'aikatar jinƙai da anka kafa a 2019 ma da Disaster Management cikin sunanta anka kafa ta. Ba a cewa catastrophe management a irin wanga wuri, kunnen mai harshen ba zai karɓa ba ko da nahawu bai hana ba. Sifarta disastrous, kuma a lura e ɗin na faɗuwa, masu rubuta disasterous suna da yawa.

Mu ɗauki abubuwan da munka sani a gwada. Ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan gulbin Rima ya yi ƙarfi daga wajen dam ɗin Goronyo ya cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da Kware har Silame, ya karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo anka koma ƙetarewa da kwalekwale. Duk wanda ya rubuta flood disaster ya yi daidai. Wanda ya rubuta catastrophe shi ma bai yi ƙarya ba, musamman in yana maganar manomin fadama da ruwa ya tafi da gidansa da rumbunsa da shinkafar da ke gona a dare ɗaya. Haka ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. A duniya kuwa misalan da ba a gardama kansu su ne irin tsunamin Disamban 2004 da ya kashe mutum sama da 200,000 a ƙasashen bakin tekun Indiya, da fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, da iskar gas ɗin tafkin Nyos na Kamaru a wannan shekarar dai, wadda ta kashe mutum wajen 1,700 mafi yawansu suna barci.

Amma ba yawan gawa kaɗai ke sa a kira abu catastrophe ba, ya danganta da wanda abin ya faɗa wa, shi ya sa take yawan tafiya da for. Gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta farkon 2021 ga jiha disaster ce, an yi asara mai yawa. Ga ɗan kasuwar da duk jarinsa na cikin shago ɗaya, ga bashin kaya a kansa, ba inshora, it was a catastrophe for him and his family, kuma ba wanda zai ce ka yi zuƙu.

Haɗarin jirgin saman kamfanin ADC na ranar 29 ga Oktoban 2006, wanda ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zai zo Sakkwato, mutum 96 sunka rasu ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu, wanga kuma kalmar da ta fi zama a kansa ita ce tragedy, TRA-ji-di. Air disaster ma daidai ne a kanun labari. Bambancin shi ne tragedy baƙin cikin take kallo da rayukan da anka rasa, catastrophe kuwa girman rushewar take aunawa. Yaro ɗaya ya nutse a gulbi tragedy ne, ba a kiransa catastrophe a labarai. Calamity, ka-LA-mi-ti, tsohuwar kalma ce mai ƙamshin littafi da wa'azi, ba kasafai za ka ji ta a hira ba, amma masu fassara littattafan addini na son ta, har wasu masu fassarar Alƙur'ani zuwa Turanci The Calamity sunka sa wa suratul Ƙari'a.

In za a mayar da catastrophe Hausa, babban bala'i ko gagarumar masifa sun fi kusa, iftila'i ma na shiga. Annoba ta fi zama kan cuta mai yaɗuwa irin sanƙarau da kwalara, tsautsayi kuma ya yi mata ƙanƙanta. Sai dai kalmominmu na ɗauke da wani kaya da ta Bature ba ta da shi. Bala'i a Larabcin da munka aro shi jarrabawa ce, musiba kuma abin da ya sami bawa, shi ya sa da an ambace su bakinmu ke tafiya ga innalillahi. Catastrophe ba ruwanta da wannan, ba ta cewa daga Allah ne ba ta cewa ba daga gare shi ba, awo kawai take yi. Mai fassara wa'azi ko huɗuba zuwa Turanci ya kamata ya san haka, sau da yawa trial ko affliction ne abin da malam ke nufi da bala'i.

Wani wurin kuma da fassara kai tsaye ke kunyata mutum, mu muna ɗaukar masifa da bala'i mu yi yabo da su. Motar nan ta yi masifar kyau, yaron nan bala'in ƙoƙari gare shi. Turanci bai ba catastrophe wanga aiki ba, catastrophically sai da mugun abu take tafiya, catastrophically wrong, failed catastrophically. Haka mace masifaffiya quarrelsome ce ko troublesome, in ka ce a catastrophic woman ka faɗi wani abu daban da ba ka yi niyya ba.

Akwai fagagen da kalmar ta daina zama ta zuciya ta koma ma'auni, kuma masu neman aikin ƙungiyoyin agaji, waɗanda ba su da kaɗan a Sakkwato da Zamfara yanzu, ya kamata su san wannan. Ma'aunin yunwa na duniya da ake kira IPC, da ɗan uwansa Cadre Harmonisé da ake aiki da shi a Najeriya da sauran Afirka ta Yamma, hawa biyar gare shi. Na uku Crisis, na huɗu Emergency, na biyar shi ne Catastrophe, wato gidan da abinci ya ƙare masa ƙarƙaf bayan ya sayar da abin sayarwa ya yi duk dabarar da zai iya. In abin ya game yanki har gida ɗaya cikin biyar na wanga hali, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara sun rame da tamowa mai tsanani, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum, sannan ake kiran yankin da Famine. Saboda haka in kana rubuta rahoto ka ce wata ƙaramar hukuma na cikin catastrophe alhali alƙaluma na cewa Crisis, ba ƙawata rubutu ka yi ba, rahoton ƙarya ka kai.

A fannin lafiya akwai catastrophic health expenditure, kuɗin magani da ya cinye wani babban kaso na abin da gida ke kashewa, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi shi ne in ya haura kashi 10 ko kashi 25 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ganin an sayar da gona ko shanun huɗa don wankin ƙoda ya san abin tun kafin ya ji sunansa. Injiniyoyi kuma na da catastrophic failure, lalacewar da ke zuwa gaba ɗaya lokaci guda ba gyara, gada ta rufta ko taransifoma ta yi bindiga, saɓanin abin da ke lalacewa a hankali yana ba da alama. A siyasar duniya ma, Nakba da Falasɗinawa ke kiran korar da anka yi masu a 1948, wadda ta raba mutum sama da 700,000 da gidajensu, da the Catastrophe ake fassara ta a Turanci.

Nahawunta ba wuya. Suna ce da ake ƙirgawa, a catastrophe, jam'inta catastrophes, s kawai ake ƙarawa a furta fiz a ƙarshe, ba catastrophies ba. Ba aikatau ba ce, ba a cewa the flood catastrophed the village. Kalmomin da ta saba tafiya da su su ne avert da prevent in an kauce mata, cause da lead to in an jawo ta, sai humanitarian, environmental, economic a gabanta. Misali, early warning could have averted the catastrophe, ko kuma the region is on the brink of a humanitarian catastrophe, a nan ga wanda ke son jimlar da zai kwaikwaya. Wasu maganganun kuma disaster ce ta riga ta kama wurin, a recipe for disaster, ended in disaster, spell disaster, gara ka bar mata kayanta.

Abin da ya fi damuna da ɗalibanmu shi ne ɗaukar da sunka yi cewa babbar kalma ita ke kawo babban maki. An ce rubuta wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar unguwarku, sai ka ga kwata ta toshe catastrophe, an ɗauke wuta kwana biyu catastrophe, ramin titi catastrophe, to in ambaliya ta zo ta tafi da unguwar mi ya rage ka kira ta? Mai duba takarda ba girman kalma yake bi ba, dacewarta yake kallo, kuma problem, damage, serious setback, hardship duk suna nan ba wanda ya hana. Gaskiya ne Bature da kansa na cewa the party was a catastrophe ko askin da anka yi masa catastrophe ne, amma da gangan yake zuzutawa don a yi dariya, shi da mai sauraronsa duk sun san wasa ne. A hira da abokai ko a WhatsApp kai ma kana iya yin haka in tuwo ya ƙone ko ƙungiyarka ta sha ci biyar. A formal letter ko rahoton ofis ba wurinta ba ne.

A saƙon ta'aziyya ma a kiyaye ta. Na sha ganin an rubuta wa wanda mahaifinsa ya rasu sorry for this catastrophe, da kyakkyawar niyya, ana son a nuna abin ya yi girma. Mai harshen ba haka yake faɗi ba, kuma ga dattijon da ya cika da kalmar shahada a ɗakinsa cikin 'ya'ya da jikoki kalmar ba ta ma dace ba. Sorry for your loss ko a great loss sun wadatar, in kuma mutuwar ta haɗari ce ko ta ƙuruciya sai a ce tragic loss, sannan a bi da addu'ar da munka saba.